Gungumen da Baƙin Ruwa Ya Kawo

Kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: wawan wannan labari ni ne. Na san ba haka kuka ji shi ba. Ku 'ya'yana da jikokina kun tashi kuna jin cewa ni da yayana Gado muka sassaƙa jirgin nan mai karkataccen wuya, wanda mutane suke tahowa tun daga Lafagu su tsaya su kalla, kuma duk lokacin da aka faɗa a gabana sai in gyara zaman hulata in yi murmushin manya. To hular ta gaji, ni ma na gaji. Gwiwoyina ba sa kai ni bakin gulbi yanzu, abin da ya rage mini tabarma ce da biro da ɗan karatun da na tsinta. Aji huɗu na yi a firamare kafin babanmu ya ga cewa hannuna ya fi amfani a jikin taru. Aji huɗun nan kuwa na ci moriyarsu fiye da yadda wasu suka ci ta digiri. Su suka sa duk tungarmu ake kirana Akawu. Ni nake karanta wasiƙa, ni nake karanta takardar asibiti, in na ci karo da kalmar da ta fi ƙarfina sai in yi tari in tsallake ta, ba wanda ya taɓa kama ni.

Gado, Allah ya jiƙansa, ya girme ni da shekara takwas, bai taɓa taka ƙofar aji ba, amma daga Bagudo har bakin iyaka ba a yi masassaƙin jirgi kamarsa ba a zamaninsa. In ya zagaya gungume sau ɗaya ya san mutum nawa zai ɗauka. Sai dai lokacin da nake ba ku labari sana'ar ta riga ta mutu a hannunsa. Manyan itatuwa sun ƙare a dajinmu, kowa ya koma jirgin katako da ƙusa da kwalta, gizagonsa yana rataye a zaure shekara da shekaru har zanzaro ya yi gida a ƙotar. Ga kuma idanunsa. Ni na raka shi asibiti, ni likita ya ja gefe ya yi wa bayani, tunda ni ne mai biro a aljihu. Ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiyar idon ce take mutuwa a hankali, abin da ya saura na ganinsa da ƙyar ya kai wata daminar. Na gaya wa Gado, na gaya wa matarsa Tumba, wadda kuka sani da Inna Tumba. Saboda haka kada wani cikinku ya nema mini uzuri ya ce Baba bai sani ba. Na sani tun kafin kowa.

Ku da kuka girma a birni ba ku lura ba, gulbinmu Kwara sau biyu take cika a shekara. Akwai farin ruwa, na daminarmu, wanda muka ga hadarinsa muka ji tsawarsa. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda yake zuwa lokacin sanyi, sama tas babu ko gajimare, sai kawai a wayi gari gulbi yana kumbura. Ruwan wasu ƙasashe ne da aka yi watanni da suka wuce, yake isowa wurinmu a gajiye. Kuma muna da al'ada tun kakanni: duk abin da ruwa ya kawo, na wanda ya fara ɗaura masa igiya ne. Ko yaro ne, ko baƙo ne, ba mai sa wa abin ƙarfe sai da izinin mai igiya.

Ranar da abin ya faru, akuyata ce ta tsinke da sassafe. Na bi sawunta har bakin ruwa, igiyar a hannuna, ina zaginta ina zagin uwarta. Sai na ga wani abu baƙi ya toshe mashigarmu, na ɗauka dorina ce har na ja da baya. Da na ga ba ya numfashi, jarumtata ta dawo. Gungume ne, irin wanda ban taɓa gani ba, tsawonsa ya fi zaure biyu, kaurinsa mutum uku ba za su rungume shi ba. Ban yi wani tunani ba, na shiga ruwa har ƙugu na ɗaura masa igiyar akuya, na ɗaure ɗaya bakin a jikin turke. Duk aikin da na yi a duniya na mallakar wannan itace ke nan. Akuyar ma sai da yamma ta dawo da kanta.

Kafin hantsi duk tunga ta taru. Tumba ce ta riƙo hannun Gado saboda gangaren. Ya shiga ruwan da rigarsa, ya kai fuskarsa dab da ɓawon kamar zai sumbace shi, ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya kara kunne. Wani reshe ya karye a jikin dutse, a nan Gado ya ɓalli ɗan guntu ya shinshina, ya sa a harshe. Guntun da ya ɓallo rawaya ne kamar ƙwaiduwa, muna tsaye muna kallo ya fara komawa ja. Ƙamshinsa kuwa tsakanin kanumfari da ƙasar da aka yi wa ruwan farko. Na ga fuskar yayana ta yi abin da ta daɗe ba ta yi ba.

"Ba maɗaci ba ne," in ji shi. "Ba kawo ba, ba maje ba, ba ƙirya ba. Wallahi ban san shi ba." Yana faɗa yana dariya kamar wanda aka yi wa albishir. "Tumba, ki ji, ban san shi ba! Wa ya ɗaura igiya?"

"Mijina Akawu," in ji ta. Haka take kirana, kun san wasan da ke tsakanin mutum da matar wansa. "Ya tahi kamun akuya ya kamo giwa."

"Alhamdu lillahi, abu na gida. Akawu, aika a sauko mini da gizago. Itace da ɗanyensa ake shigarsa."

A nan ne Shaiɗan ya zo ya zauna a kan aji huɗuna. Na gyara murya na ce a dakata. Na ce ba a yin aiki da ka. Itacen da ba a san sunansa ba, wa ya san halinsa? In mai nauyi ne ya nutse da mutane a tsakiyar gulbi fa? In mai guba ne fa? Na ce sai na bincika an tabbatar da sunansa a rubuce. Mutane suka gyaɗa kai, har wani ya ce boko dai boko ne. Sarkin ruwa ya ce al'ada a bayyane take, mai igiya shi ke da magana.

Hujjojin nan da na kawo ba ƙarya ba ne, shi ya sa suka yi mini daɗin fakewa. Amma tunda na ce zan gyara labari, bari in gyara shi har gindi. Shekara hamsin ina ƙanen Gado. In an nuna ni a kasuwa, cewa ake yi ga ƙanen masassaƙi. Ran nan ne kaɗai a rayuwata yayana ya ce bai san wani abu game da itace ba, kuma a ran nan ne dole ya nemi izinina. Na so in dawo da sunan a bakina, in faɗa a gaban jama'a, shi yana saurare. Iyakar abin ke nan. Na ɗauka aikin mako guda ne.

Na fara da Bagudo, guntun itacen a naɗe cikin hankici. Ma'aikacin gandun daji mutumin kirki ne, ya juya shi ya juya, ya buɗe wani littafi mai kauri, daga ƙarshe ya ce gaskiya bai sani ba. Na fito ina cewa a raina wannan bai yi karatu sosai ba. Wani tsoho a Sharabi ya ce maɗacin dutse ne. Masu katako a Lolo suka ce ƙarya yake yi, suka ba ni wani suna da Zabarmanci. Na hau kabu-kabu na tsallaka ƙasar Benin, wadda mu har yau Faransa muke ce mata, na kwana uku a Malanbil ina bin rumfunan 'yan katako. Dandawa, mutanen wurin, suka ba ni suna biyu, wani Bayarabe ya ba ni na uku, wani mai tabarau ya rubuta mini na Faransanci a bayan kwalin sigari, da na kai wa wani ya karanta sai ya ce ai wannan kalmar ma'anarta itace, shi ke nan. Wani malamin makaranta ya ɗauki hoton guntun da wayarsa ya tambaye ta, wayar ta yi nazari ta ce kilishi ne. Wani mai magani ya ce in ba shi rabin guntun ya gaya mini, da na ba shi ya ce itacen aljanu ne, a mayar da shi ruwa. Duk wanda ya ba ni suna sai ya ƙara da cewa akwai wani tsoho a gari kaza da ya fi shi sani. Ni kuma sai in tafi. In dawo gida in huta kwana biyu, in sake ɗaura hankici. Mako guda ya zama wata, wata ya zama biyar.

Duk wannan lokaci baƙin ruwa yana janyewa. Ya bar gungumen a kan yashi, bazara ta sauko masa. Gado ba shi da ikon sa masa ƙarfe, amma al'ada ba ta hana laka ba. Kullum da safe sai ya shafe shi da laka tun daga kai har gindi, ya lulluɓe shi da ciyawa, Tumba tana jido ruwa a tulu tana kwarawa don kada rana ta fasa shi. Mace mai jikoki, ta yi sawu ashirin kafin azahar. In ta gan ni na dawo sai ta ajiye tulun ta kama ƙugu.

"Sannu da zuwa, mijina. Yau mi anka raɗa mashi? In shirya ragon suna?"

Ni kuma in yi dariya in ce saura ƙiris. Gado bai taɓa yi mini faɗa ba, abin da ya fi damuna yanzu ke nan. Wata rana da la'asar na same shi zaune ya jingina da itacen, na zauna ina jera masa sunayen da na tara, guda tara, ina nuna masa wanda ya fi kama da gaskiya. Ya bar ni na gama.

"Akawu," ya ce, "jirgi nawa na sassaƙa ban san adadinsu ba. In na kama maɗaci, hannuna ke aiki, kaina barci shikai, don na san abin da zan iske ciki tun ban buɗe ba. Shi ya sa da itace ya ƙare ban yi kuka ba, na daɗe da ƙoshi. Wanga kuwa, nan in na buga shina amsawa kamar ganga, can kamar tulu. Mi ke ciki? Wane daji ya tsaya, wane tsuntsu ya kwana kanshi, garuruwa nawa ya wuce suna barci? Tun da ya zo, kullum da tambaya nika tashi. Ka san rabona da in tashi da tambaya?"

Na ce ai tambayar ce nake nema masa amsarta.

"Amsar tana ciki, ƙanena. Kai kuma kana ta nemanta waje." Ya shafa jikin itacen. "Ina son in ga cikinshi. In gani, da ido. Ka gane?"

Na ce na gane. Na ce akwai wani tsohon mafarauci guda ɗaya da ya rage a can bayan iyaka, daga shi na rufe. Washegari na tafi. Ku dubi girman wautar, mutum ya gaya maka da Hausa, kai kana jiran a fassara maka.

Tafiyar ta ci kwana goma sha ɗaya, don mafaraucin ya rasu tun bara, sai da na bi ɗansa har wata ruga, shi kuma ya ce shi shanu ya sani. Na dawo da tsakar rana, na biya ta bakin gulbi. Tun daga nesa na hango ciyawar a yaye. Gindin itacen ya tsage, tsaga mai faɗin da hannu zai shiga, ta tafi kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa. An ce ƙarar da ya yi sai da tsuntsaye suka tashi. Gado yana zaune a gefensa. Na tsaya a gabansa, inuwata a kan ƙafafunsa, ban yi sallama ba saboda kunya. Ya ɗaga kai yana kallon gefen kafaɗata.

"Wane ne? Tumba?"

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na je na kwance igiyar daga turke, ta riga ta ruɓe, na sa masa a tafin hannu. Ya shafa ta ya gane. Bai tambaye ni suna ba, ni ma ban kawo zancen ba.

"To," ya ce. "A sauko da gizago."

Kwana arba'in da 'yan kai muka yi muna aikin, kuma a nan ne kaɗai labarin da kuka ji yake da gaskiya. Mun yanke tsagaggen gindin muka yar, jirgin da ya kamata ya ɗauki mutum goma sha biyu ya koma na biyar. Itacen ya bushe ya yi tauri, gatari yana tsalle a kansa, tafin hannuna na Akawu ya fashe ya warke ya sake fashewa. Gado yana bin jijiyar itacen da yatsunsa, ya kama hannuna ya ɗora a wurin, ya ce sari nan, kada ka wuce faɗin yatsa biyu. Ni in yi saran farko, shi ya bi da gizago yana gyarawa da lalube, ban taɓa ganin ya kuskure ba. Kuma duk saran da na yi sai ya tambaya.

"Mi ka gani?"

Ranar farko na ce ja ne. Ya ce jan mi? Jan goro, jan gauta, jan jini, ko jan yamma? Na sake dubawa. Wallahi sai na ga ban taɓa kallon komai ba a rayuwata, karantawa kawai nake yi in wuce. Na ce jan goron da aka tauna, amma akwai zare-zare masu ruwan zuma suna ratsa shi. Ya ce yawwa, ina suka nufa? Haka ya mayar da ni idonsa da ƙarfin tsiya. Muka iske wani wuri a ciki mai duhu kamar hanta, muka iske inda jijiyar ta yi zobe-zobe kamar an jefa dutse a ruwa, muka iske wani dunƙulen ƙarfe da itacen ya haɗiye tun yana ƙarami, har yau ban san ko harsashi ne ko bakin mashi ba. Gado ya riƙe shi a hannu yini guda yana ƙirƙiro masa labari, kowane ya fi na baya daɗi. Na kama kaina ina riga shi zuwa bakin gulbi da asuba don in ga abin da saran yau zai buɗe. Da muka zo wuyan jirgin, jijiyar ta murɗe ta yi hagu. Na ɗauko igiyar awo na ce a miƙe shi, kowane jirgi miƙaƙƙe ne. Ya ce wanga ba kowane ba ne, mu bi shi mu ga inda za shi. Karkataccen wuyan da ake zuwa kallo, ga asalinsa. Kuma shi ne yake sa jirgin yanka igiyar ruwa ta gefe ba ya shan ruwa, abin da ba wanda ya san zai yi, har shi Gadon.

Ina ganinku yanzu, in tsuntsu ya sauka a katanga kafin ya gama gyara fiffike kun ɗaga waya kuna tambayarta sunansa, in ta faɗa sai ku mayar da ita aljihu, tsuntsun ma ba ku ƙara kallonsa. Ba na hana ku, ni ne shugabanku a wannan, da ƙafa na yi tawa. Sunan itacen nan har yau ban sani ba, kuma na daina tambaya. Abin da na samu a kwana arba'in ɗin nan ina duban abin da ban sani ba, ban same shi a shekara hamsin ina faɗin abin da na sani ba. Sai dai ni na samu da ido biyu. Wanda ya fi ni cancanta ya samu ta bakina, ta bakin mutumin da ya ce masa ja ne. Gado ya yi shekara uku bayan nan, kullum ana kai shi ya zauna cikin jirgin, bai taɓa ce mini kai ka jawo mini ba. Na so ya faɗa. Da ya faɗa da na samu abin da zan ba shi haƙuri a kai.

Ranar da aka tura jirgin ruwa, farkon damina ne, gulbi ya fara ɗaukowa. Sarkin ruwa ya yi addu'a, aka raba waina, aka zaunar da Gado a tsakiya. Da ruwa ya taɓa jikin itacen sai launin nan duk ya taso, jan da zumar da zoben, yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Jama'a suka ɗauki salati gaba ɗaya. Gado yana juya kai dama da hagu yana jin salatin, hannayensa a kan bakin jirgin, yana murmushi irin na wanda aka ba labarin biki. Ni kuwa mutane suna ta miƙo mini hannu, Akawu sannu, Akawu an gode, sai tsohon ciwona ya motsa. Tumba tana tsaye kusa da ni, ruwa har idon sawunta, tana kallon mijinta. Na matsa na ce mata, da muryar wasan da muka saba, to matata, kin ga amfanin bincike, haƙurin da muka yi ne ya sa itacen ya bushe daidai, da mun yi gaggawa da ba a samu wannan kyau ba.

Ba ta juyo ba. Ba ta kuma ce mini mijina ba, ran nan ko bayansa. Abin da ta faɗa a hankali ta faɗe shi, ba wanda ya ji sai ni, kuma shekarun nan duka ina neman amsarsa ban samu ba.

"Wa da wa sunka yi haƙurin? Kai yawo ka yi. Je ka gaya mashi launin, tunda kai ka cinye idon da zai gani da shi."